Yadda Wanda Kotu Ta Taɓa Samu da Laifi Zai Shiga Aikin Ba Masu Shaye-shaye Shawara a Kaduna

Ɗan ƙanwata ya same ni bayan sallar isha'i da fom a hannunsa, ya ɗora yatsa a kan layi guda ya ce, "Kawu, nan fa? In rubuta a'a?" Tambayar da ke layin ita ce ko wata kotu ta taɓa samunsa da laifi. Shekara shida kafin wannan daren an kama shi da ƙullin wiwi da kwalaben kodin a wajen Kawo. Ya amsa laifinsa a gaban alƙali, aka ba shi zaɓin tara, muka haɗa kuɗi a dangi muka biya, ya dawo gida. A ganinsa tunda ba a ɗaure shi ba, ba shi da tabo. Daga baya ya daina komai, ya koma makaranta, ga shi yana neman shiga aikin da ya fi kowa sanin ciwonsa, wato zama da masu shaye-shaye yana ba su shawara har su rabu da abin.

Na ce masa ya ajiye biron tukuna. Abin da muka bi daga wannan dare shi ne zan shimfiɗa a nan, saboda na san irinsa suna da yawa a Rigasa da Tudun Wada da Kakuri, maza da mata. Kuma ana buƙatarsu. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya cikin shekara guda, kuma ɗaya cikin huɗu mace ce. Likitocin ƙwaƙwalwa da muke da su ba za su iya ɗaukar wannan nauyi su kaɗai ba.

Fara da sanin abin da takarda ta ce a kanka

Yawancin waɗanda suka taɓa shiga hannu ba su san ainihin yadda shari'arsu ta ƙare ba. Abin da suka riƙe shi ne "an kashe maganar" ko "an yi belina". Hukumar da za ta ba ka rajista kuwa da takarda take aiki, don haka sai ka tantance a wane rukuni kake.

Idan kama ka kawai aka yi, ka kwana a ofishin 'yan sanda ko na hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA, aka sake ka ba tare da an kai ka kotu ba, to kotu ba ta same ka da laifi ba. Haka wanda ya yi wata da watanni a gidan gyaran hali yana jiran shari'a sannan aka kori ƙarar, ko Babban Jojin jiha ya sallame shi a zagayen rage cunkoso. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce mutum ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa. Amma akwai bambanci tsakanin sallama kawai da sallama tare da wankewa. Wanda aka wanke, maganar ta mutu. Wanda aka kori ƙararsa don masu gabatar da ƙara ba su zo ba, ana iya sake shigar da ita.

Idan kuwa ka amsa laifi, ko aka yi shari'a aka same ka da shi, to an yanke maka hukunci, ko da tarar naira dubu goma ka biya, ko sharar titi aka sa ka, ko aka yi maka ɗaurin talala. Nan ne mutane suka fi ruɗewa, nan kuma ɗan ƙanwata ya ruɗe. Biyan tara hukunci ne cikakke, zaman kaso ne kawai ya ɗauke maka.

Wanda abin ya faru yana yaro, aka kai shi kotun yara ko gidan horon matasa na Bosta da ke nan Kaduna, matsayinsa daban ne, domin dokar kare haƙƙin yara ta tanadi a ɓoye bayanan shari'ar yaro. Irin wannan ya nuna wa lauya takardunsa kafin ya cika kowane fom.

Ka je kotun ka karɓo kwafin hukuncin

Wannan shi ne matakin da ya fi cin lokaci, shi ne kuma mutane suka fi gudu, domin ba wanda yake son ya sake taka harabar da aka shigo da shi da ankwa. Duk da haka a daure a je.

Laifin da aka tuhume ka da shi ƙarƙashin dokar NDLEA, Babbar Kotun Tarayya ce take sauraronsa, can fayil ɗinka yake. Sata, faɗa, cin amana da makamantansu suna kotun majistare, ko kotun shari'ar Musulunci, ko Babbar Kotun Jiha. Ka rubuta wa magatakardan kotun wasiƙa kana neman kwafin hukunci mai hatimin tabbatarwa, wanda ma'aikatan kotu suke kira CTC. Ka sa lambar ƙara, shekarar, sunanka yadda aka rubuta shi a lokacin, da kotun da ta yi zaman. Ka nemi takardar tuhuma ita ma, da rasit ɗin tarar idan ka biya. Akwai kuɗin da ake biya a hukumance, ka karɓi rasit a kansa.

Mu lambar ƙarar ce ta ɓace mana. Sai da mahaifiyarsa ta zazzage wata tsohuwar jakar leda da take ajiye katin asibiti da takardun makarantar yara, muka tarar da rasit ɗin tarar a ninke huɗu, tawadar ta kusa gogewa, lambar na nan a kusurwar sama. Da wannan 'yar takarda aka gano fayil ɗin. Idan kai ba ka da komai, lauyan da ya tsaya maka zai iya tunawa, ko ka tuntuɓi ofishin Legal Aid Council, hukumar gwamnati mai taimaka wa marasa ƙarfi da lauya kyauta.

In takardar ta zo hannunka, ka karanta sashen dokar da aka hukunta ka da shi. Mallakar ƙwaya don sha daban, safara da dillanci daban, zamba ko sata kuma wani babi ne na dabam. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan bambanci ya rataya.

Takardar 'yan sanda

Bayan nan ka nemi takardar shaidar hali ta 'yan sanda. Ana cika ta a shafin POSSAP na intanet, a biya kuɗi, a ɗauki zanen yatsunka, a duba shi da rajistar masu laifi ta ƙasa da ke Alagbon a Legas. Ka neme ta da kanka tun kafin wata hukuma ta buƙace ta, don ka san abin da za su gani.

Tana iya fitowa fes, ba komai a jikinta, alhali akwai hukunci a kanka, saboda ba kowane hukunci ne yake isa rajistar ba. Kada wannan ya yaudare ka. Fom ɗin cewa yake ko kotu ta taɓa samunka da laifi, kuma fayil ɗin kotu yana nan inda yake.

Wace ƙofa za ka bi

A Amurka jihohi da yawa suna da lasisinsu na musamman na masu ba 'yan shaye-shaye shawara, da hukumar da ke bincikar tarihin mai nema. Mu a nan ba lasisi guda ba ne mai wannan suna. Ta ƙofofin sana'o'i daban-daban ake shiga aikin, kuma kowace ƙofa da yadda take kallon tabo.

Akwai ƙofar masu digiri a fannin jagoranci da ba da shawara, irin wanda ake yi a tsangayar ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya. A 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa majalisar kula da masu wannan sana'a, wadda aka ɗora wa tsara ƙa'idojin aikin da riƙe rajistar masu yinsa. Akwai ƙofar aikin jin daɗin jama'a, wanda ake karantawa a sashen ci gaban al'umma na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Akwai ƙofar aikin jinya, inda mutum zai zama nas tukuna sannan ya ƙware a jinyar masu taɓin hankali, kamar a makarantar da ke Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa. Sai kuma kwasa-kwasan UTC na koyon kula da masu shaye-shaye, na ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta Colombo Plan, waɗanda ake rubuta jarrabawa a kansu a sami shaidar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa da ake kira ICAP. Wannan shaida ce ta ƙwarewa da ake girmamawa a fagen, ba ta maye gurbin rajistar da doka ta wajabta wa sana'arka.

Kafin ka biya kuɗin makaranta ko sisi, ka samo dokar hukumar da za ta yi maka rajista a ƙarshe, ka karanta wuri biyu: sashen sharuɗɗan rajista da sashen ladabtarwa. Kalmomi iri uku za ka yi ta cin karo da su a dokokin sana'o'in ƙasar nan. Na farko, mai nema ya kasance mai kyawun hali. Na biyu, kada ya kasance an same shi da laifin da ya shafi zamba ko rashin gaskiya, kamar yadda yake a dokar majalisar rajistar malamai ta TRCN. Na uku, a sashen ladabtarwa, hukuncin kotu a kan laifin da kwamitin ya ga bai dace da martabar sana'ar ba.

Ka lura da abin da wannan yake nufi. Wanda aka kama da wiwi don shansa, sau da yawa maganarsa tana faɗawa ƙarƙashin kyawun hali, wato abin da mutane za su zauna su auna, kuma ana iya gamsar da su da hujja. Wanda kuma shan ya kai shi ga sace wayar wani ko damfarar maigidansa a kasuwa, shi ne yake fuskantar katanga mai tsawo, ko da hukuncinsa bai kai na wancan nauyi ba. Wannan yana yi mini ciwo, domin duk wanda ya zauna da masu shaye-shaye ya san satar da shan tare suke tafiya. Amma haka dokokin suke a rubuce, kuma gara ka sani tun kana aji ɗaya da ka sani bayan ka gama digiri. Shi kuwa wanda laifinsa ya shafi fyaɗe ko cutar da yara, shawarata ya nemi wata sana'ar. Wannan aiki ne na kaɗaita da mutane masu rauni a ɗaki guda, kuma ni kaina ba zan sa hannu a ɗauke shi ba.

Idan ka karanta dokar ba ka gane matsayinka ba, ka rubuta wa magatakardan hukumar wasiƙa, ka faɗi laifin da shekarar, ka tambaya ko zai hana rajista. Ka ajiye kwafin wasiƙar da amsar.

Takardun da za su tsaya maka

Akwai wata takarda da mutane ƙalilan suka sani. Dokar Hukumar Gidajen Gyaran Hali ta 2019, a sashe na 14, ta tanadi a ba fursunan da ya nuna halin kirki takardar shaidar kyawun hali lokacin sallamarsa, ta kuma ce kada a nuna wa mai wannan takarda wariya saboda zaman da ya yi. Idan ka yi zaman kaso, ka koma wajen jami'in walwala na gidan da ka zauna ka tambayi yadda za ka same ta. Idan ka yi karatun NOUN, wato jami'ar karatu daga gida, ko ka koyi sana'a a ciki, ka haɗa da shaidarsu.

Sai shaidar cewa ka rabu da shan. Takardar sallama daga inda aka yi maka magani tana da nauyi, musamman idan wuri ne da gwamnati ta sani, kamar sashen DATER mai kula da masu shaye-shaye na asibitin Barnawa ko cibiyar NDLEA. Katin zuwa ganin likita bayan sallama ma ka adana shi, da sakamakon gwajin fitsari idan ana yi maka. Wuraren aiki da dama suna son su ga mutum ya yi kamar shekara biyu bai koma ruwa ba kafin su bar shi ya zauna da marasa lafiya, kuma ina ganin suna da gaskiya. Na ga yaron da ya fara wannan aiki wata huɗu da daina sha. Labaran da yake saurara kullum su suka mayar da shi.

Wasiƙun shaida kuma a zaɓe su da kyau. Wasiƙar mai unguwa, ko liman, ko fasto, ko malamin da ya koyar da kai, tana amfani ne idan mai rubutawar ya nuna ya san abin da ya faru kuma ya ga canjin da idonsa. Wadda ta ce kawai "yaron kirki ne" ba ta ɗaga komai. Mai unguwarmu da ya rubuta wa ɗan ƙanwata, cewa ya yi shi da kansa ya taɓa korarsa daga bakin makarantar firamare da dare, yanzu kuma shi yake tura masa iyayen da 'ya'yansu suka fara. Layi biyu ne, amma sun fi sauran takardun duka tasiri.

Ka kuma tara awannin aikin sa-kai a ƙarƙashin ƙwararre, ka riƙa rubuta su a littafi yana sa hannu. Hukumar jihar Kaduna mai kula da rigakafi da maganin shaye-shaye, wadda a da aka fi sani da KADBUSA, yanzu kuma KADSAMHSA, wuri ne da ya kamata ka tambayi cibiyoyin da aka amince da su. Ka guji gidajen mari da wuraren da ba su da rajista. Mutanen Kaduna ba su manta da watan Satumban 2019 ba, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da sarƙa a ƙafa. Mai tsohon tabo da aka tarar yana aiki a irin wannan wuri ya gama rufe wa kansa ƙofa.

Maganar afuwa

A Ingila akwai dokar 1974 da ta sa wasu hukunce-hukunce suke faɗuwa da kansu bayan wasu shekaru. Mu ba mu da irin wannan doka ta bai-ɗaya, don haka tsufan hukunci ba ya goge shi. Hanyoyin da suka rage su ne ɗaukaka ƙara, idan akwai kuskure a shari'ar, ko afuwa.

Afuwa gida biyu ce. Laifin da aka yi wa dokar jiha, gwamna ne yake yafe shi ƙarƙashin sashe na 212 na Tsarin Mulki, bayan ya shawarci kwamitin jinƙai na jiha, kuma ta Ma'aikatar Shari'a ake shigar da roƙon. Laifin dokar tarayya kuwa sai shugaban ƙasa, ƙarƙashin sashe na 175. Dokar NDLEA ta tarayya ce, saboda haka Gidan Sir Kashim, wato fadar gwamnan Kaduna, ba shi da ikon yafe hukuncin da aka yi da ita, komai kusancinka da masu mulki. Ka kuma bambance rage wa'adi da cikakkiyar afuwa. Wanda aka saki albarkacin bikin 1 ga Oktoba, yana iya yiwuwa ragowar zamansa kawai aka ɗauke masa, hukuncin yana nan. Cikakkiyar afuwa ita ce irin wadda Janar Abdulsalami ya yi wa Obasanjo a 1998, har ya tsaya takara a 1999. Ka shigar da roƙonka idan kana da hali, amma ka ci gaba da sauran matakan, domin amsar tana iya ɗaukar shekaru.

Ranar cika fom

Ka karanta tambayar da kyau, ka amsa abin da aka tambaya. Idan an ce ko an taɓa samunka da laifi, kai kuwa kama ka kawai aka yi, amsarka a'a ce, kuma gaskiya ka faɗa. Idan an ce ko an taɓa kama ka ko tuhumarka, to e ce. Idan akwai hukunci, ka rubuta e, ka liƙa bayani.

Dalilin da ya sa nake matsawa a nan shi ne, yawancin fom ɗin suna tafiya da rantsuwa, kuma ƙarya a kan rantsuwa sabon laifi ne. Ta kuma mayar da kai cikin rukunin marasa gaskiya, rukunin da dokokin suka fi tsananta wa. Mutumin da tsohon laifinsa na wiwi ne, da an auna an wuce, sai ya wayi gari an soke rajistarsa saboda ya same ta ta hanyar yaudara. Kaduna kuma ƙaramin gari ne a wannan fage. Jami'in da ya kama ka yana iya zama cikin mahalarta taron bitar da za ka gabatar.

Bayanin kada ya wuce shafi guda. Ka faɗi laifin, kotun, shekarar, hukuncin, da cewa ka cika shi. Sannan abin da ka yi tun daga lokacin, da kwanan wata, kowanne da takardarsa a liƙe. Ban da ɗora wa abokai laifi, ban da cewa sharri aka yi maka alhali ka amsa da bakinka a kotu. Idan aka kira ka gaban kwamiti, abin da ka rubuta shi za ka maimaita. In aka ƙi ka, ka roƙi a ba ka dalili a rubuce, ka kai wa lauya da wuri, saboda ƙalubalantar irin wannan hukunci yana da wa'adi.

Bayan rajista

Samun rajista daban, samun aiki daban. Ƙa'idojin aikin gwamnatin tarayya sun ce ba a ɗaukar wanda kotu ta taɓa samu da laifi sai da amincewar musamman ta hukumar ɗaukar ma'aikata. Wato hanya tana nan, sai dai ta sama ake binta, kuma sai ka bayyana tun farko. Ƙungiyoyi masu zaman kansu sun fi sauƙi, wasunsu ma neman waɗanda suka taɓa shiga ciki suka fito suke yi, don masu shan sun fi sakin jiki da su. Idan kana da burin kafa ƙungiyarka ka yi mata rajista a hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, dokar kamfanoni ta 2020 ta hana wanda aka samu da laifin zamba ko rashin gaskiya zama cikin amintattu sai bayan shekara biyar. Mai tunanin fita waje kuma ya sani cewa hukuncin ƙwaya yana iya hana bizar Amurka tun kafin a zo maganar lasisi.

Ɗan ƙanwata ya rubuta e a layin nan. Muka liƙa kwafin hukuncin, da rasit ɗin tara, da takardar asibiti, da wasiƙar mai unguwa, da littafinsa na aikin sa-kai. Da suka kira shi, wata dattijuwa a cikin masu tantancewar ta daɗe tana juya shafukan littafin, sannan ta ɗago ta ce, "Ɗana, in wanda kuka taɓa sha tare ya shigo ofishinka, yaya za ka yi?" Ya ce zai gaishe shi, ya gaya wa shugabansa, a miƙa shi ga wani ma'aikacin. Ta rubuta wani abu, ta ce ya fara zuwa ranar Litinin, wata shida na farko a ƙarƙashin kulawarta.